Manhajar Ƙwai da Mai Kiwon Kaji

Ba ɗabi'ata ba ce sauraron zancen mutane, amma benci ɗaya ne a rumfar mai gyaran waya. Wani mai zuba jari ne ya dubi wata mata mai kiwon kaji.

"Hajiya, don Allah me kika fi buɗewa a wayarki?"

"Ikon Allah! Kai ɗan sanda ne?"

"A'a. Wasu matasa ne suka ƙirƙiro manhajar sayar da ƙwai, suna so in sa jari. Yau zan ba su amsa. Kasuwa duk ta koma cikin waya, wanda ya makara sai kallo."

Ya miƙa mata tasa wayar, ta duba.

"To, ina wurin magana?"

"Babu. Rubutawa za ki yi, kiret nawa, farashi nawa."

"Da wane hannun? Na dusa ko na ɗibar ƙwai? Ni dannawa nake in yi magana, mai shago ya ji muryata, in ji tasa. Idan ƙarya zai yi, tun daga sallama nake ganewa."

"Ai rubutu ya fi tsari."

"Kai da ka yi boko, Alhaji, yaushe rabonka da rubuta wa matarka saƙo?"

Ya fashe da dariya. "Wallahi murya nake tura mata. Idon ya fara gajiya."

"To, ka gani."

"Kin tsare min dukiya, Hajiya. Sai sun sa wurin magana zan saurare su."

"Ka ce su zo gidana su gwada. Idan manhajar ta ji ni cikin kukan kaji ɗari uku, zuba kuɗinka ka yi barci har da minshari."