Rabin Labarin Annabi Dauda

Assalamu alaikum mai gabatar da shirin nan, daga Riyad nake gaishe ka.

Sai da aka kawo mini takalman ɗana Sani na gane ya rasu. Abokin aikinsa ne ya soke shi a kasuwar Aziziya. Alƙali ya ce sai marayunsa sun balaga za su zaɓa, kisasi ko yafiya.

Kullum ina ba su labarin Annabi Dauda, sarkin Bani Isra'ila, yadda ya kashe azzalumi Jaluta da dutse. Jiya ƙaramin ya ce, "Kaka, malaminmu ya ce Annabi Dauda ya fi kowa kuka da neman gafara." Na ce, "Ci abincinka."

Malamai, ku ba ni shawara. Ran mutumin da ya kashe Sani nake so, kuma har yau ban ba jikokina wancan rabin labarin ba.