Numfashina ne, ba zan daina ba

Assalamu alaikum, Malam mai karanta mana wasiƙu. Ni ne Haruna mai walda, daga Al-Awali a Madina.

Ina aiki a Yanbu, inda ake gina matatar mai. Zafin ƙarfe da faɗan shugabanni suka ƙuntata mini zuciya, har in na zo gida hutu matata Sa'adatu ba ta iya yi mini magana ban daka mata tsawa ba. Ta ce in ban canza ba za ta koma gidansu.

Akwai abokin aikina ɗan Tailan, mai bin addinin Buda. Ya ga halin da nake ciki, ya ce in zauna in rufe ido, in bi numfashina yana shiga yana fita, tunanin da ya zo in bar shi ya wuce. Na gwada, wallahi ƙirjina ya saki.

Yanzu kullum bayan la'asar sai na yi. Da na zo gida hutu, baffana ya same ni ina yi a gindin dabino, ya ce, "Ya waladi, ɗana, aibi ne. A garin Manzo kake kwaikwayon masu gunki?"

Na ce, "Ammi, baffana, ban yi wa kowa sujada ba, sallata ba ta ragu ba, numfashin kuma Allah ya ba ni."

Tun ranar ba ya amsa gaisuwata. Ni kuwa ba zan daina ba, don gidana ya zauna lafiya. Malamai masu saurare, in akwai laifi ku kawo mini hujja, zan karɓa. Ina gaida abokan aikina na Yanbu, da Baffa, ko bai amsa ba.