Hannun Sista Shugaba

AUTA: Halo? Baba? Kana ji na?

BABA: Wa ke magana? Ban san lambar nan ba.

AUTA: Ni ce, Auta. Wayar matiron ɗinmu ce, ta sake layi.

BABA: A'a, 'yar autata. Ina wuni?

AUTA: Ni ya kamata in fara gaishe ka ai. Ina wuni, Baba?

BABA: Lafiya lau. Ya makaranta? Ya karatu?

AUTA: Lafiya. Ya Mama? Ya ƙafarta?

BABA: Da sauƙi. Ga ta can tana harara ta, wai na bar mata yaran katikizim, masu koyon addinin nan, sun cika mata tsakar gida. Ya ƙawarki, mai yawan dariyar nan?

AUTA: Tana nan.

BABA: Ya matiron? Ki gaishe ta. Ya Sista Shugaba?

AUTA: Baba, 'yan mata ne a bayana har bakin ƙofa, kowa na jiran wayar nan. In muka gaishe da duk makarantar ba za mu yi magana ba.

BABA: Me kika ce? Muryarki na yankewa.

AUTA: Bari in matsa taga. Nan kawai ake samun sabis, sai na hau kan bokiti. Yanzu fa?

BABA: Yawwa. Kar ki faɗo. Yau Lahadi, ke ce da karanta Littafi Mai Tsarki a coci lokacin Mas, ko? Ya aka yi?

AUTA: Na yi. Ko tuntuɓe ɗaya ban yi ba.

BABA: Ke? Ke da bara in kika ga sunan annabi mai tsawo sai ki yi tari ki tsallake shi?

AUTA: Wannan da ne. Yanzu har Fada, limamin cocinmu, ya gyaɗa kai.

BABA: Madalla. To me ya sa muryarki kamar wadda aka hana abinci?

AUTA: Ba komai.

BABA: Auta.

AUTA: Baba, na yi wani abu. Ka san mai karatu a bencin gaba take zama, kusa da Sista Shugaba. Da Fada ya ce mu ba juna alamar salama, sai Sista ta juyo ta miƙo min hannu. Ni kuma na naɗe nawa a ƙirji.

BABA: Kika ƙi karɓa?

AUTA: Na ƙi. Hannunta na nan a iska, duk makaranta na kallo. Ta jima ba ta janye ba. Halo? Baba, ka yanke?

BABA: Ina nan. Kujera nake nema. Me ta yi miki?

AUTA: Za ta rufe mana ƙungiya. Ƙungiyarmu ta kare haƙƙin ɗan Adam, wadda na ce maka an zaɓe ni sakatariya. Ranar Juma'a ta kira mu ofis, ta ce gobe Litinin za ta sanar a asembili. Har katan ɗin kayanmu ta sa aka ɗauke aka kai ofishinta.

BABA: Haka kawai?

AUTA: Wai wasu iyaye sun kawo ƙara. Ka san babbar ƙungiyar nan ta waje, wadda tambarinta ke jikin rigunanmu? Wai tana goyon bayan... maganar nan dai. Ta mata.

BABA: Zubar da ciki. Faɗi abinki, da katikis mai koyar da addini kike magana, ba abin da kunnena bai ji ba.

AUTA: To shi. Amma mu ko sau ɗaya ba mu taɓa zancen nan ba. Mu matar kurkuku ce a gabanmu.

BABA: Wace mata?

AUTA: Na gaya wa Mama, ba ta faɗa maka ba? Wata mata ce aka tsare, har yau ba a kai ta gaban alƙali ba, a ciki ta haihu. Mace ta haifa. Ɗakin siminti, ba ko tabarmar kirki, jaririyar a tsumma take. An ba mu izinin ziyara ranar Laraba, amma da sunan ƙungiya aka bayar. In an rufe gobe, shi ke nan, ba Laraba. Kayan jaririn duk suna cikin katan ɗin. Riguna, safa, bargo. Har da hular da nake saƙawa.

BABA: Ke kike saƙa? Da wane haƙurin?

AUTA: Na kai rabi. Zaren ne ke harɗewa, ba laifina ba ne.

BABA: Ko da yaushe zaren ne da laifi. To ita Sista, cewa ta yi ta rufe, magana ta ƙare?

AUTA: Ta ce za ta rufe, sai dai idan...

BABA: Idan me?

AUTA: Ban tsaya ji ba.

BABA: Ba ki tsaya ba?

AUTA: Na fita. Na ɗan bugo ƙofa.

BABA: Uwarki sak. Ke, ba da ke nake ba, da 'yarki nake! Kin ji, ta ce wai ni kika biyo.

AUTA: Baba, ba abin dariya ba ne. Na san abin da za ta ce ai. Mu cire tambarin, mu raba hanya da mutanen nan. In muka yi haka kamar mun ji tsoro ne. Kuma su ne fa suka koya mana cewa ba a tsare mutum ba shari'a. A takardunsu na fara karantawa, ni kaɗai, ba wanda ya tilasta min.

BABA: Ban ce ba su koya miki alheri ba. Amma tun kina rarrafe a ƙarƙashin bencin katikizim, me kike ji ina sa yara su maimaita? Ayyukan jinƙai.

AUTA: Ciyar da mai yunwa, tufatar da marar riga, ziyartar na kurkuku. Na sani.

BABA: To kin ga ranar Laraba biyu daga cikinsu za ki yi a tafiya ɗaya. Aikin nan ba baƙo ba ne a coci, Auta. Kin je waje kin gan shi da sabuwar riga, shi ya sa ba ki gane ɗan gidanku ba ne.

AUTA: To in ɗan gida ne, me ya sa take korarsa?

BABA: Ba shi take kora ba. Ita alkawari ta yi wa Allah, makarantar nan kuma amana ce a hannunta. Ta gaskata cewa ɗa rai ne tun yana ciki, ba za ta iya barin 'ya'yanta su rataya tambarin masu cewa ba haka ba. Ni ma da ba zan iya ba.

AUTA: Ni ma ba so nake a zubar da ciki ba. Amma Baba, ina da tambayoyi. Akwai abubuwan da na karanta da ban gama tunaninsu ba. Kar ka yi fushi.

BABA: Fushin me? Ki riƙe su da kyau, kar ki yar da ko ɗaya. In kin zo hutu mu zauna a bayan coci, ki yi ta jefo min su. Wadda na sani in amsa, wadda ban sani ba mu je mu takura wa Fada. Amma Laraba ba za ta jira hutu ba. Jaririyar nan ta iya karatu?

AUTA: Haba, Baba.

BABA: To abin da ke rubuce a rigarki bai dame ta ba. Sanyin simintin ne ya dame ta.

AUTA: Uwar fa? Bargo ba zai kai ta gaban alƙali ba. Mutanen wajen suna da lauyoyi.

BABA: Mu ma muna da su. Matar mai koyar da mawaƙanmu lauya ce, ita ke raka Fadanmu kurkukun nan garin. Yau zan same ta. In nisa ya yi mata, ta san wanda za ta turo muku.

AUTA: Da gaske?

BABA: Na taɓa yi miki alkawarin banza? Bar maganar keken nan da ban saya miki ba, wannan daban ce. Gaya min, bayan kin naɗe hannu, kin tashi karɓar Jikin Kristi?

AUTA: Ban tashi ba. Ya zan hana mutum salama sannan in miƙa hannun nan a gaban Fada?

BABA: Alhali ba wanda ya hana ki.

AUTA: Ba wanda ya hana ni. Baba, ita ma ba ta tashi ba.

BABA: Wa? Sista?

AUTA: Ita da kullum take fara shiga layi. Ta zauna kusa da ni har aka gama. Ba ta kalle ni ba. Na ɗauka tsananin fushi ne.

BABA: Mai fushi tashi yake ya bar miki bencin. Wannan zama ta yi ta taya ki. Ta ga tsakaninku bai gyaru ba, ta ƙi tafiya ta bar ki.

AUTA: Ashe... ni kuma na...

BABA: Auta? Sabis ne ko kuka ne?

AUTA: Sabis ne.

BABA: To. Ki share sabis ɗin, ki je ofishinta tun kafin gobe. Ki ba ta haƙuri, ki ce kin zo jin ƙarshen maganar da kika bari. Ki tsaya har ta sa aya.

AUTA: In ta ce mu cire tambarin, zan ce mun yarda, amma sunanmu na nan, haƙƙin ɗan Adam. Wannan ba zan bari ba. Kuma zan ce ta raka mu ranar Laraba, ta gani da idonta.

BABA: Faɗa mata haka. A hankali, ba kamar ana bin ki da gudu ba.

AUTA: Baba, tsaya. 'Yan layi duk sun yi tsit. Wayyo, ita ce. Ga ta a bakin ƙofa, tana magana da matiron. Ni take nema.

BABA: Da bulala?

AUTA: A'a. Hulata ce a hannunta. Baba, ta ƙarasa saƙar. Har ta yi mata ɗan tuntu a sama.

BABA: Sauko daga bokitin nan.

AUTA: Na sauko. Tana tahowa. Me zan ce? Duk na manta.

BABA: Da wane hannu kike riƙe da wayar?

AUTA: Na dama.

BABA: To ajiye ta. Ana jiran hannun nan tun safe.