Mai Jar Hula

A ɗakin jira na asibitin ƙashi, wata mata ta kasa zama, sai leƙen ƙofa take yi.

"Baiwar Allah, zauna mana," in ji ta kusa da ita. "Ɗanki ne a ciki?"

"Shi ne. Ƙafa ya karya a tseren babur. Yaron da ko kyankyaso tsoronsa yake! Abokan banza ne suka zuga shi, Allah ya isa."

"Nawa ma can ya karya hannu. Wai wani mai jar hula ne yake ta ihu, duk wanda ya taka birki ba namiji ba ne."

Matar ta zauna a hankali, tana ƙara cusa wani jan abu can cikin jakarta.

"Ai jajayen huluna sun yi yawa a gari, 'yar'uwa."