Kwaɗo Uku a Ƙofar Janareta

Ranar da matata ta rasu, wuta ce ta ɗauke a asibiti tana kan na'urar numfashi. Bayan wata shida na ji masinjan asibitin yana yi wa wani direba burga a tasha.

"Ɗakin janaretanmu kwaɗo uku gare shi. Na gwamnati, na ƙungiya, na kamfani. Haɗin gwiwa ke nan, ɓarawo sai dai kallo."

"To, in wuta ta ɗauke fa, Malam?"

"Sai masu makullan su hallara."

"Sun taɓa hallara kuwa?"

"Sosai. Ranar ɗaukar hoto."

Direban ya tuntsire da dariya, mota ta cika, suka tafi. Ban samu na gaya musu ba cewa ran da matata ta rasu mutum biyu sun zo da makullansu. Na ukun yana wajen taron haɗin gwiwa.