Kalangun da Ya Fito Daga Buhu

A bikin hutun bazara na unguwar Aziziyya, Majid, magidanci haifaffen Jidda, yana ɗaukar ɗansa Abdulelah a waya, saurayin na kaɗa kalangu a kan dandamali, sai wani tsoho a gefensa ya tuntsire da dariya.

"Ya Hajji, me ya ba ka dariya? Ɗana ne fa."

"Allah ya raya. Wa ya koya masa wannan kiɗan?"

"Ni, daga wajen babana na ɗauka. Kalangun ma nasa ne, a buhu ya ɓoye shi har ya rasu, don kada maƙwabta su ce ga Takari. Kiɗan fada ne, ya'ani na manya."

"Fada? Ɗana, wannan kiɗan fawa ne! Da shi ake shaida wa gari an yanka sa. A rumfar mahauta na tashi, ko barci nake zan gane shi."

Majid ya sauke wayar.

"Subhanallah. Shi ya sa ranar layya duk layinmu ba mai taɓa wuƙa sai Baba ya iso."

"Ka gani ko? Yanzu sai ka hana yaron?"

Majid ya dubi filin. Larabawa da 'ya'yansu sun miƙe suna tafi, mata na rangaɗa guɗa.

"In hana shi? Halas, an gama ɓoyo! Yalla Abdulelah, ƙara! Gaya wa Jidda jikan mahauci ya iso!"