Kwanon da Aka Shafa wa Jan Fenti

'Yan'uwana, ina yi muku sallama cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya tsayar da ni a gabanku yau da ƙafafuna. Haleluya!

Sunana Rifkatu, matar Ishaya masunci. Muna zaune a wani ƙauye na bakin ruwa, gaba da Warra kaɗan. Sana'ata banda ce. Ishaya ya kamo kifi, ni in gyara, in lanƙwasa tarwaɗa, in jera a kan ragar waya, in hura wuta a ƙasa. Tun ina amarya nake wannan aiki.

Tunda a gidan Allah nake, bari in faɗi gaskiya: ina da girman kai. Kifina ya fi na kowa ja, ya fi na kowa ƙamshi. Ɗanyen itace nake sawa don hayaƙi ya yi kauri, in rufe da tsohon buhu, in cusa kaina ciki ina juyawa har idanuna su yi jawur. Matan da ke zuwa daga Yelwa sarin kifi, wurina suke fara tsayawa. In wata ta ƙona nata, sai in tambaye ta ko gawayi ta koma sayarwa. A wautata, duk darajata tana kan ragar nan.

Sai tari ya kama ni. Da farko na ce sanyin ruwa ne. Wata ɗaya, wata biyu, bai tafi ba. Na rame, zanena ya riƙa zamewa daga ƙuguna. Ranar da na tofar da kaki na ga ɗigon jini, a gaban uwar mijina ne, wadda muke kira Inna. Na ga yadda ta ja da baya.

Kun san yadda muke yi in ana zargin mutum da tarin tibi. Ware masa kwano ake yi. Inna ta ɗauko ragowar jan fentin da Ishaya ya shafa wa kwale-kwalensa, ta dangwala a gindin kwanona da kofina, don kada wani ya yi kuskure. Aka mayar da shimfiɗata ɗakin da muke ajiye raga da igiyoyi. Masu sari suka fara wuce ni kamar ba su taɓa cin kifina ba. A majami'a, bencin da na zauna sai ya yi faɗi. Na daina zuwa.

Ishaya ba mugu ba ne, tsoro ne ya kama shi. Sau uku yana cewa mu je asibiti, sau uku ina ƙi. Ni a tunanina, muddin ba a rubuta a takarda ba, to zargi ne kawai. In an rubuta, na ƙare. Sai na yi ta shan saiwoyi, jikina yana ƙara lalacewa.

Abin da ya fi tarin ciwo shi ne cin abinci ni kaɗai. Wata rana ɗiyata ƙarama ta rugo za ta sa hannu a kwanona, kamar yadda ta saba. Inna ta fizge ta, yarinya ta fashe da kuka. 'Yan'uwa, ranar nan na ji na fita daga cikin mutane. Na ce a raina, in uwar mijina da ta san ni tana guduna, ina ga Allah da yake da duniya guda a hannunsa?

Ranar wata Lahadi, kowa ya tafi sujada. Na zauna kusa da murhun bandata da ya daɗe da mutuwa, ina jiyo ganga da waƙa daga nesa. Ban yi wata doguwar addu'a ba, domin numfashin ma babu. Na ce, "Ya Ubangiji, ban iya komai yanzu. Ba kifi, ba ƙarfi, ba kowa. In har ka san da wata Rifkatu a nan, ka nuna mini. In kuwa ka manta da ni, ka ɗauke ni in huta." Na yi kuka har tari ya sarƙe ni.

Rana ba ta karkata ba sai ga Mama Saratu, tsohuwar nan ta zumuntar mata, tana dogara sanda, ko zanen sujada ba ta sauya ba. Ta shigo ɗakin raga kai tsaye, ta zauna a tabarmata.

Ta ce, "Ɗiyata, rana ta gasa ni. Ba ni ruwa."

Na ce, "Mama, bari a kawo miki kofi daga ciki."

Ta ce, "Wanga da ke gabanki mi ya same shi?" Kafin in hana, ta ɗauki kofina mai jan fenti, ta kamfata daga tulu, ta shanye tas.

Na yi ihu, "Mama, za ki mutu!"

Ta goge baki ta ce, "Mutuwa dai zan yi, amma ba ta kohi ba. Shekara nawa na yi ina shara a asibiti? Ana cikin waƙa na ɗaga kai ban gan ki ba, zuciyata ta ƙi kwanciya. Ke tsammani kike Yesu ya mutu don masu lahiya kaɗai? Ya san sunanki tun ba ki san wuta ba, balle banda. Gobe za mu tahi Yelwa, kuma ba shawara nika yi da ke ba."

Ta kama hannuna, hannun da aka yi wata uku ba wanda ya taɓa, ta yi mini addu'a. Ni da na roƙi alama da safe, ga alama zaune a tabarmata tana yi mini faɗa. Yabo ga Ubangiji!

Washegari muka shiga mota, ni da ita da Ishaya. Aka auna kakina, aka ɗauki hoton ƙirjina. Da sakamako ya fito, likita ya dube ni ya ce, "Wace sana'a kike yi?" Na faɗa masa. Ya ce ba tibi ba ne, hayaƙi ne ya cinye mini ƙirji. Ya ƙara da cewa ko da tibi ɗin ne, yana da magani, kuma ba ta kwano ake ɗauka ba. Ya ba ni magani, ya ce in ina son raina in rabu da hayaƙi.

Kuna tsammani murna na yi? Fushi na yi! Na ce wa Mama Saratu a mota, in na bar banda, ni wace ce? Ta harare ni ta ce, "Ranar da Allah ya aiko ni wurinki, kihi nawa ke kan ragarki?" Gaskiyarta, ko ɗaya babu.

Da muka koma, Ishaya ya bayyana wa Inna komai. Ta saurara, ta tashi ta shige madafa. Da yamma aka kawo mini tuwo a kwanona na kullum. Ina shirin ci sai na ga Inna tsaye a kaina, hannunta a wanke. Ta tsuguna ta ce, "Matsa mini, tuwon yana hucewa." Ta sa hannu a cikin kwanon nan, ta kuma ƙwala wa jikarta kira ta zo. Wanda ya san Inna ya san ba ta iya cewa a yi haƙuri ba. Muka ci mu uku, hawaye yana zubo wa Inna, tana cewa wai yaji ne ya yi yawa a miyar.

Yau ba na banda. Ƙananan kifi nake shanyawa a rana, kuma ba wanda yake yabon nawa fiye da na wasu. In sanyi ya shigo, har yanzu nakan yi tari. Amma ina numfashi, ina waƙa, na kuma san cewa ba ragar waya ce ta ba ni daraja ba. Wanda ya yi ni, shi ya ba ni, kuma bai karɓe ba sa'ad da na zama abin gudu.

Na gode wa Yesu, na gode wa zumuntar mata. Kai da kake ganin an manta da kai, kira shi ko da kalma biyu ce, yana ji. In kuma akwai wanda yake ci shi kaɗai a gidanku, kada ku bari rana ta faɗi yau ba ku zauna kusa da shi ba. Amin.